Kada a Sayar da Layin Bizar Iyali

Akwai wani fayil da ya iso ofishinmu bayan an riga an lalata shi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Magidanci ne mai katin zama na dindindin a Amurka, direban babbar mota, ya cike wa matarsa fom ɗin neman bizar iyali, I-130, tare da 'ya'yansu biyu a rataye. Aka amince, fayil ya wuce cibiyar biza ta NVC, ya biya dala 325 na kowane mutum da dala 120 na duba fom ɗin ɗaukar nauyi, I-864, aka ɗora takardu, aka ce sun cika. Babu matsala ko ɗaya a ciki. Abin da ya rage kawai shi ne ranarsu ta fito a jadawalin F2A na mata da 'ya'yan masu katin zama, rukunin da ya zauna a buɗe tun 2019 sannan ya ja da baya a 2023. Jira ne zalla, irin wanda babu wasiƙa ko lauyan da zai rage masa kwana ɗaya. Matar tana nan Arewa a gidan surukai, yara suna girma ba su san ubansu ba sai a fuskar waya, kuma kowa ya san maganganun da ake jefa wa mace a wannan hali: ya manta da ke, ya yi wata a can, wance da mijinta ya tafi bayan naki ai tuni ta bi shi. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko mijin wancen ɗan ƙasa ne, ko ma wace ƙasa ya tafi.

Yayan mijin ne ya samo mafita, a ganinsa. Wani mai shago ne da kwamfuta biyu da tutocin ƙasashe a jikin allon ƙofa, ya ce yana da mutum a Legas, kuma wai akwai kuɗin gaggawa da ake karɓa daga wanda ya san hanya. Aka sayar da fili, matar ta haɗa da sarƙar gwal ɗinta, mijin kuma da hannunsa ya tura lambar fayil da lambar shiga ta WhatsApp. Dillalin dole ya nuna ya yi aiki, sai ya yi abu biyu. Ya aika wa NVC takardar neman gaggawa haɗe da wasiƙar asibiti ta bogi, wai ƙaramin yaron yana da ciwon zuciya da sai an yi masa aiki a waje. Sannan ya kalli takardar aurensu ta kotun shari'a ya ce ita ke kawo cikas, Turawa ba sa gane irinta, ya buga wata ta rajista da wata rana dabam ya ɗora. Alhali Amurka tana karɓar auren Musulunci da aka ɗaura a Najeriya, da shi ma aka amince da I-130 ɗin tun farko. Neman gaggawar bai je ko'ina ba, domin ba a gaggauta fayil ɗin da lambar bizarsa ba ta samu ba, ko da ciwon na gaske ne. Amma takardun sun zauna a cikin fayil. Da ranar ganawa ta zo a kan lokacinta, wanda dillalin ya yi ta kurin shi ya jawo shi, matar ta tsaya gaban jami'i a Legas. Aka tambaye ta jikin yaro, ta ce lafiyarsa ƙalau. Aka tambaye ta ranar aurenta, ta faɗi ta gaskiya. Aka miƙa mata takardar dakatarwa ta 221(g), aka bi sawun takardar rajistar aka ga babu ita a littafin kowa, aka rufe ta da sashen doka na yin ƙarya, 212(a)(6)(C)(i). Haramci ne na har abada sai an samu yafiya ta I-601, mai kuɗi dala 1,050 da jiran da ba a san ƙarshensa ba, kuma sai an tabbatar mijin zai shiga matsanancin hali. Yaran da ke rataye da ita su ma sun tsaya. Akwai hujjar cewa ba da saninta aka yi ba, amma ita ta ɗaga hannu ta rantse cewa abin da ke fayil gaskiya ne, kuma hukuncin jami'in biza ba kasafai kotu ke taɓa shi ba, balle bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2024 a shari'ar Muñoz. Baiwar Allah ba ta taɓa sa ido a kan takardun da aka hukunta ta da su ba.

Maganar da mijin ya kafe a kai ita ce, da hukuma ta tanadi hanyar da mutum zai ƙara kuɗi a fili a hanzarta masa bizar iyalinsa, da bai faɗa hannun wannan mutumin ba. Mutane da yawa suna wannan tunani, har cikin abokan aikinmu akwai masu kiran a buɗe I-907, wato layin biyan kuɗin gaggawa, ga fayilolin iyali kamar yadda aka buɗe wa kamfanoni. Na fahimci zafin da ke bayan maganar, amma ban yarda da ita ba. Ra'ayina shi ne kada a sayar da gaba a layin iyali, ko a Amurka ko a ko'ina, domin kuɗin ba ya taɓa ainihin abin da ke riƙe mutane, kuma a ɗan wurin da yake taɓawa, talaka ne ke biyan bambancin da shekarunsa.

A fara da adadi, tunda nan ne mafi yawan jiran yake. Dokar Amurka ta 1990 ta sa rukunan iyali masu ƙayyadadden adadi suna samun biza 226,000 a shekara ga duniya baki ɗaya, kuma babu ƙasar da za ta wuce kashi 7 cikin ɗari. 'Yan'uwa na rukunin F4 rabonsu 65,000 ne, shi ya sa ɗan Meziko ko ɗan Filifin ke shafe wajen shekara 20 ko fiye yana jiran ƙaninsa. Wannan adadi majalisa ce ta rubuta shi, ba jami'in da ke da ikon ƙara lamba ɗaya a kai ko an zube masa dukiyar duniya. Wanda ke shakka ya dubi ma'aikatan Indiya. Kamfanoninsu suna biyan kuɗin I-907, wanda ya fara da dala 1,000 a 2001 ya kai 2,805 a 2024, a amsa musu takardar neman bizar aiki, I-140, cikin kwanakin aiki 15, sannan su koma su zauna shekara da shekaru suna duba jadawali kowane wata kamar kowa. Sun sayi saurin takarda, ranarsu kuwa tana inda take. Da magidancin nan ya samu irin wannan dama, abin da zai saya ke nan: amincewar da ya riga ya samu. Ko wanda ya biya ɗin ma, alkawarin da aka yi masa shi ne za a taɓa fayil ɗinsa cikin wa'adi, kuma taɓawar tana iya zama ƙi ko neman ƙarin hujja. Haka nan kuɗin yana tsayawa ne a ƙofar hukumar shige da fice ta USCIS, bai san NVC ba, bai san layin ganawa a Legas ba, bai san binciken tsaro ba, bai san gwajin jini na tabbatar da uba ba. Kuma ranar da shugaban ƙasa ya sa hannu a takarda, kamar yadda aka dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya a farkon 2020 har zuwa Janairun 2021, aka kuma sake saka Najeriya, tare da Nijar, cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita a Disamban 2025, babu rasit ɗin da ke da amfani.

Za a ce to mun ji, amma matar ɗan ƙasa da iyayensa da ƙananan 'ya'yansa ba su da ƙayyadadden adadi, jiransu na ƙarancin ma'aikata ne, nan kam kuɗi zai yi aiki. Gaskiya ne zai yi aiki, ga wanda ya biya. Tambayar ita ce daga ina saurin ya fito. Idan mutum ya ba mai gadin famfo kuɗi aka sa jarkarsa a gaba, ruwan bai ƙaru ba, jarkar tsohuwar da ta zo tun asuba ce ta ja baya. Jami'in da aka ce lallai ya gama fayil ɗin mai kuɗi cikin mako uku ko a mayar da kuɗin, wani fayil zai ajiye ya ɗauki wannan, kuma wanda aka ajiye ɗin ba ya da wa'adi, ba ya da mai ƙorafi. Ba hasashe nake yi ba. A Afrilun 2017 USCIS da kanta ta dakatar da layin kuɗi na bizar aiki ta H-1B, kuma dalilin da ta bayar shi ne tana son ta samu sararin gama tsofaffin fayilolin da suka daɗe a ajiye, waɗanda yawan masu biyan gaggawa na cikin abin da ya hana a kai gare su. Dokar 2020 da ta faɗaɗa tsarin sai da ta gindaya sharaɗin kada faɗaɗawar ta ƙara wa sauran mutane jira, wato masu dokar ma sun san inda ruwan ke gangarawa. A Birtaniya ma haka: da aikin bizar 'yan Ukraine ya yi yawa a 2022, sai aka rufe layin kuɗi, aka mayar da wa'adin bizar iyali daga mako 12 zuwa 24. Ma'aikatan dai su ne su, hannu biyu kowa.

Masu goyon bayan tsarin suna son kafa hujja da Birtaniya, tunda a can ana ƙara fam 500 a yanke hukunci cikin kwanakin aiki 30. Sai dai a duba wanda ke kaiwa ga wannan layin. Tun Afrilun 2024 sai mai ɗaukar nauyi yana samun fam 29,000 a shekara, daga 18,600 da aka sani tun 2012. Kuɗin bizar kansa wajen fam 2,000 ne, kuɗin lafiya fam 1,035 ne kowace shekara kuma a dunƙule ake biya, ga gwajin tarin fuka, ga jarrabawar Turanci. Wanda ya tsallake duk waɗannan, fam 500 ba za ta gagare shi ba, sai ya zama kusan kowa yana jin dole ya biya don kada a bar shi a baya, abin da aka kira zaɓi ya koma haraji. Kuma fayil mai tangarɗa, wanda aka taɓa ƙi ko takardunsa ke buƙatar tantancewa, ana iya wuce wa'adin a kansa ko an biya. Ostareliya ce ta kai wannan tunani ƙarshensa a bizar iyaye. Akwai layin da ake biyan sama da dalar ƙasar 40,000 kan kowane mutum, akwai na marasa hali. Na marasa hali jiransa ya kai wajen shekara 30, wato a ce wa ɗa mahaifiyarsa mai shekara 65 ta jira har ta kai 95. Layin masu kuɗin kuma, tunda kowa ya ruga can, shi ma ya cika har jiransa ya haura shekara 10. Wannan shi ne inda ake ƙarewa: an raba iyaye gida biyu bisa aljihun 'ya'yansu, kuma har mai aljihun bai tsira ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wancan ɓangaren ita ce ta kuɗin shiga. USCIS kusan duk kasafinta daga kuɗin masu nema yake fitowa, don haka a bar masu hali su biya da yawa a ɗauki ƙarin ma'aikata, kowa ya amfana. A kan takarda maganar tana da kyau. Amma hukumar da ke samun kuɗi daga masu gudun jinkiri, jinkirin ya zama jarinta. Ranar da layin kowa da kowa ya koma wata uku, wa zai ƙara biyan dubbai? An fi shekara 20 ana karɓar wannan kuɗi a bizar aiki, kuma fayilolin da ke jibge a hukumar sun kai miliyoyi. Idan matsalar ƙarancin ma'aikata ce, maganinta a ƙara ma'aikata daga kasafi ko daga kuɗin da kowa ke biya daidai wa daida, dala 675 ko 625 na I-130 ɗin nan ai ba sadaka aka karɓa ba, kuɗin aikin ne. Sannan akwai bambanci tsakanin kamfani da gida. Kamfanin da ya biya gaggawa lissafin riba ya yi, ya sa a cikin kuɗin gudanarwa, idan bai biya ba ciniki ya rasa. Magidancin da aka ce ya biya, fili zai sayar ko ya ci bashi, domin ba zai iya kallon idon matarsa ya ce akwai hanyar sauri amma ya ƙi ba. Duk kuɗin da aka yanka masa zai nemo, kuma mai sayar da layin ya san haka. Ciniki da mutumin da ba ya iya cewa a'a cin zali ne ko da rasit na gwamnati.

Ba na raina zafin jira. An rawaito cewa Sayyidina Umar ya ƙayyade wa mayaƙa 'yan watannin da za su yi nesa da iyalansu saboda tausayin matan da aka bari, mu kuma yau muna maganar shekara uku, huɗu, biyar. Aure yana mutuwa a wannan layin, yaro yana cika shekara 21 ya faɗa wani rukuni, tsoho yana rasuwa fayil ɗinsa na kan tebur. Saboda haka ne ma nake cewa gaba a layi haƙƙin mai lalura ne. Wannan hanyar tana nan, kuma kyauta ce: USCIS da NVC duk suna karɓar neman gaggawa saboda rashin lafiya mai tsanani ko wani halin jin ƙai, ba a biyan ko sisi. Abin da ya kamata mu matsa a kai shi ne a faɗaɗa ta, a fayyace sharuɗɗanta, a riƙa amsawa cikin lokaci, a sa wa'adin da hukuma za ta tsaya a kai ga kowane fayil na miji da mata, kamar yadda Kanada ta sa wata 12 a matsayin mizaninta ba tare da layin kuɗi ba. Kuma duk wasiƙar asibiti ta bogi da wani ɗan damfara ya aika, uwar da ɗanta ke kwance da gaske ce take ja wa zargi.

Saura maganar cewa layin kuɗi na hukuma zai kashe kasuwar dillalai. Ba zai kashe ba, zai ba su riga ne. Birtaniya tana da nata a fili, an buga farashinsa, amma hakan bai hana wani ya karɓi ninkin kuɗin ya ce nasa na musamman ne ba. Dillali da jahilcin mutane da ƙaguwarsu yake ci, kuma da zarar ya tabbata a bakin jama'a cewa kuɗi na sayen sauri, ƙaryarsa ta samu gindin zama. A yau aƙalla ina iya gaya wa kowa magana ɗaya ba tare da kwana-kwana ba: a bizar iyali ta Amurka babu kuɗin gaggawa. Babu shi a USCIS, babu shi a NVC, babu shi a Legas. Wanda ya ce maka akwai, ɓarawo ne. Wanda ya ce yana da mutum a ciki, ɓarawo ne.

Amma laifin bai tsaya kan dillali ba, kuma nan ne haƙurina ke ƙarewa. Mutum yana zaune a Amurka, yana da intanet a aljihu, jadawalin biza yana fitowa kowane wata kyauta, amma ya fi yarda da labarin majalisa a kan abin da aka rubuta masa a wasiƙa. Zai ƙi biyan kuɗin shawara na awa ɗaya, ya ce tsada, sannan ya tura miliyoyi ga wanda bai taɓa gani ba saboda yayansa ya ce mutumin kirki ne, suna sallah masallaci ɗaya. Lambar shiga fayil ɗinka ba a ba kowa ita, domin duk abin da aka ɗora da sunan matarka aka ɗora, ita za ta amsa. A daina sauya takardar aure. A daina gyara shekarun haihuwa don su yi kyau. A daina cusa ɗan riƙo a matsayin ɗan ciki, jini zai tona. Mai mata biyu ya faɗi gaskiyar halinsa ga lauya tun kafin a cike fom, kada wani ya koya masa mayar da amarya ƙanwa. Kuma a riƙa nuna wa matan takardunsu, wallahi wannan yana ci mini rai. Mace za ta yi tafiya daga Kano ko Sakkwato har Legas, ta tsaya gaban gilashi ta yi rantsuwa a kan fom ɗin da maza uku suka cike ba wanda ya karanta mata layi ɗaya. Ita ce mai neman bizar, ita ake tambaya, ita ake haramtawa, amma ita ce ta ƙarshen sanin abin da aka rubuta.

Ina sake faɗa, lambar shiga ba a ba kowa ita. Idan ka riga ka bayar, shiga yau ka duba duk takardar da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka ga wadda ba ka sani ba, nemi lauya mai lasisi kafin ranar ganawa, domin janye ƙarya kafin a kama ta da bayan an kama ta hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ke kuma 'yar'uwa da ake shirin kai ki ganawa, ki ce sai an zauna an karanta miki fom ɗin bizarki, DS-260, daga farko har ƙarshe da Hausa, a nuna miki kowace takarda da aka ɗora, kafin ki hau motar Legas.